Ƙwaron Da Ya Shiga Kunnen Kyauta Mai Tukwane

A shekarun da ake zuwa kasuwar Laraba a ƙafa, tun ba a kawo robobin nan da suka kashe mana sana'a ba, ni Kyauta ni ce mai ginin tukwanen da ake ji da ita a Rafin Kanya. Ba cika baki nake yi ba, ku tambayi duk tsohuwar da ta taɓa shan ruwan randata. Hannuna kamar na kowa ne, da kunne na fi sauran mata. In an gasa tukwane sun huce, sai in ɗauki kowace in kara bakinta a kunnena, in ƙwanƙwasa cikinta da yatsa. Lafiyayya amonta dogo ne. Mai tsaga kuwa, ko ido bai ga tsagar ba, za ta amsa maka da murya irin ta mai mura.

Karawar nan ce ta ja mini. Wata ranar Talata da hantsi na kara wani sabon tulu, sai wani abu ya yi fir daga cikinsa ya shige kunnena na hagu. Wayyo! Wanda ƙwaro bai taɓa shiga kunnensa ba bai san tashin hankali ba. Yana motsi, yana karce-karce, kamar ana shara a cikin kaina. Na yi tsalle da ƙafa ɗaya, na girgiza kai, na zura gashin kaza, na zura tsinken tsintsiya, shi kuwa sai ƙara nutsawa yake yi. Da na ga haka sai na yi abin da kowa ke yi, na narka man shanu a cokali, na karkata kai, na tsiyaya shi da ɗuminsa.

Nan na yi kuskure. A Rafin Kanya ko ɗan yaye ya san ba a zuba abu mai zafi a rami sai an ce, "Masu wuri, ku kauce," sau uku, don kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Ruwan wanka ne, tokar murhu ce, ruwan figar kaza ne, shekarata hamsin da 'yan kai ban taɓa mantawa ba. To amma wa zai tsaya neman izini a ramin kunnensa? Ko a raina abin bai zo ba.

Motsi ya tsaya, na ce alhamdulillahi. Washegari na tashi kamar an kifa mini ƙwarya a ka. Ina ganin zakara yana miƙe wuya, ban ji cara ba. Maƙwabciyata tana daka, taɓarya na tashi tana sauka, shiru kake ji. Ba na hagun kaɗai ba, har na daman ya toshe. Na tafi wurin Barau wanzami, ya ja kunnena wajen haske ya leƙa, ya sake leƙawa, sai ya ja da baya, ya tattara kayansa ya zuba a zabira, ya yi mini nuni da hannu cewa wannan ba aikinsa ba ne.

A kwana na uku abin mamaki ya fara. Ina zaune a gindin bango sai na ji ƙarar guga a rijiya. Ba kowace rijiya ba, ta tsohon gidanmu, wadda ta rufta tun ina budurwa. Na gane ta ne da yadda gugan ke dukan wani dutse kafin ya kai ruwa. Sai kukan jakin Baba, wanda ba ya tashi yin kuka sai an tada salla. Sai dattijon nan mai tallar gishiri da ke wucewa ta ƙofarmu bayan azahar. Sai kuma muryar Inna, mahaifiyarmu, wadda ta rasu ina shekara tara, tana waƙarta ta niƙa, dutse na amsa mata. Har ɗan tarin da take yi in gari ya shige mata maƙogwaro na ji.

Na yi kuka har na gode Allah, daga baya na koma dariya. Gaskiya zan faɗa, kurumtar ta yi mini daɗi. Na bar yumɓu ya bushe a kasko, nakan wuni ina murmushi ni kaɗai, mata na leƙowa ta katanga suna taɓe baki, wai Kyauta ta taɓu.

Ana cikin haka aka zo aka ja ni da hannu zuwa gidan Yaya Tambai. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta raine ni bayan rasuwar Inna, kuma a duk 'yan gidanmu mu biyu muka rage. Tun damina take kwance, amma ranar ina shiga ɗakin na san tafiya ta matso. Tana ganina ta riƙe mini wuyan hannu, leɓɓanta suka fara motsi. Na kara kunne a bakinta, ban ji komai ba sai jakin Baba. Matar ɗanta ta sunkuyo don ta ji ta kwatanta mini da hannu, Yaya ta juyar da kai bango ta yi gum. Ciwo ya cinye mata jiki, amma taurin kanta yana nan daram. Maganar tamu ce mu biyu, ba za ta ba kowa ba. Ta sake juyowa, ta sake faɗa, ta ga ban gane ba, sai hawaye ya gangaro mata. Ban taɓa jin kunyar kaina kamar ranar ba.

Na fito na durƙusa a gindin bishiyar ƙofar gida, na ce, "Mai wuri, na yi laifi. Na zuba maka zafi ban yi sallama ba. Ka yi haƙuri ka fito, 'yar'uwata na son magana da ni."

Sai wata siririyar murya ta amsa daga cikin kaina. "Ya ke 'yar Adam, yau kika tuna da ladabi? Ni ne Ɗan Sauraro, bawan Magajiyar Amo. Aikina in bi kunnuwan masu shekaru, in kwafi tsofaffin sautuka kafin a tafi da su kabari. Da kin yi mini haƙurin rabin yini, da na fita ba tare da na cuce ki ba. Yanzu kin ƙona mini fiffike, manki ya daskare ya liƙe mini ƙofa, uwargijiyata kuma ta rufe ɗaya kunnen don fushi. Ba mai fitar da ni sai ita."

Na ce, "Ina zan same ta?"

Ya ce, "Ƙarƙashin ramin da kike haƙar yumɓu. Shekara talatin kina tone mata rufin gida ba ta ce miki kanzil ba."

Ko gida ban koma ba. Da rana tsaka na sauka ramin yumɓu, na ce, "Masu wuri, ku kauce," sau uku, har na ƙara na huɗu don tsoro. Ƙasa ta buɗe kamar bakin randa, na zurma. Ban tsaya ko'ina ba sai bakin wani kogi mai ruwa baƙi wuluk, samansa duk kumfa ce mai siffar bakin mutum, tana buɗewa tana rufewa. A gaɓar kogin wani tsoho na zaune, kunnuwansa sun kai ƙasa, ya shimfiɗa ɗaya ya zauna a kai, ya yafa ɗaya a kafaɗa. Da ya yi magana sai na ji ta a haƙorana. Ashe maganar mutanen can ba ta kunne take bi ba.

Ya ce, "Ya ke baƙuwa, wannan shi ne Kogin Kiraye-kiraye. Duk kiran da aka yi a duniyarku ba a amsa ba, nan yake gangarowa. Zan haye da ke, amma ki sani, kogin zai kira ki da bakin duk wanda kika taɓa yi wa kunnen ƙashi. In kika amsa, kin zama kumfa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni kurma ce."

Ya yi dariya har kunnuwansa na kaɗawa. "To, yau lalurarki ta yi rana. Hau."

Ya shimfiɗa kunne ɗaya a kan ruwa, na hau na zauna, ya fara iyo. Bakunan nan suka taso caa, suna hawa ƙafafuna, kowanne na kiran sunana. Ban ji su ba, amma na gan su. Akwai na kakata, akwai na wata ƙawata da muka ɓata a kan faifai. Can na hango na marigayi mijina, na gane shi da giɓinsa. Bawan Allah nan ya sha kirana daga zaure ina yi kamar ban ji ba. Tausayi ya kama ni, saura kaɗan in ce na'am. Na cusa bakin zanena a baki na cije, ban saki ba sai da muka kai ɗaya gaɓar.

Daga nan Ɗan Sauraro ya ce in yi gabas, amma in dakata tukuna. "Gabanki dajin Uwar Shiru ne. Macijiya ce, ta naɗe dajin sau bakwai tana barci, ƙasar wurin kuwa duk busasshen ganye ce. In ta ji ko ƙaras, za ta farka, kuma ba ta farkawa ta koma barci da yunwa."

Nan hankalina ya tashi, don kurma bai san ƙarar kansa ba. Na duba gaɓar kogin, na ga yumɓu mai kyau wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Na kwaɓa shi, na yi wa tafin ƙafafuna takalma masu kauri, na shafe awarwarona da shi don kada su yi ƙara, sannan na shiga.

Jikin macijiyar ya fi katangar gidanmu tsawo, sai na bi ta ƙarƙashinta inda ta ɗan ɗaga. Na wuce naɗi ɗaya, na wuce na biyu. A na huɗu ƙwaron ya ce, "Gwiwarki ta dama tana ƙara." Na ce a raina, ai shekara goma tana yi, yau ne za ta daina? Na ci gaba ina jan ƙafar a miƙe. A na bakwai, dab da kanta, atishawa ta taso mini. Na danƙo yumɓu na toshe hanci, hawaye na zuba, ƙirjina kamar zai fashe. Idon macijiyar ya buɗe rabi, girmansa ya kai faifai. Na ƙame da ƙafa ɗaya a sama kamar shamuwa, ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, har idon ya koma ya rufe. Ina fita dajin na yi atishawa bakwai a jere.

Sai ga birnin Magajiyar Amo a gabana. Gidajensa duk tukwane ne, randuna manya kamar rumbu, tuluna an ɗora wani kan wani har sama, kowanne an rufe bakinsa da faifai. Mutanen garin bakinsu ɗan mitsitsi, kunnuwansu fankama-fankama. Duk tukunyar da na gifta sai haƙorana su ɗauki abin da ke ciki. Wata kiɗan gayyar noma ne na garin da ya tashi tuntuni, wata hayaniyar kasuwar da ta mutu, wata kukan jarirai waɗanda suka girma suka tsufa suka bar duniya. Na so in tsaya, amma fuskar Yaya Tambai na gabana.

Aka kai ni gaban Magajiyar Amo. Doguwar mace ce mai furfura, tana zaune a kan kifaffen kasko, a wuyanta ƙananan kunnuwa jere kamar sarƙar murjani, kowanne na motsi.

Ta ce, "Ke ce mai zuba zafi ba sallama?"

Na durƙusa. "Ni ce, ranki ya daɗe. Ban san kunnena ma wurin wasu ba ne."

"Kowane rami da masu shi, har na jikinki. Me kike so?"

"A buɗe mini kunne. 'Yar'uwata tana bakin tafiya, tana da maganar da ba za ta faɗa wa kowa ba sai ni."

Ta ce, "A taskata akwai randuna ɗari tara. Ɗaya ta tsage, abin da ke cikinta yana yoyo. Shekara arba'in bayina na nema sun kasa, don jinsu ya yi yawa, komai lokaci ɗaya suke ji. An ce ke kin san tukunya. Nemo mini ita kafin inuwar ginshiƙin can ta taɓa ƙafata. In kin kasa, nan za ki zauna kina yi mana gini har abada."

Aka buɗe taska, na ga randuna iya ganina. Na ƙwanƙwasa ta farko, na kara kunne, ba komai. Aikin da na fi kowa iyawa, ga shi an ba ni, ba ni da abin yinsa. Na zauna daɓas. Sai na ce, tunda maganar mutanen nan ta haƙori take shiga, bari in gwada. Na kafa haƙorana a bakin randa na ƙwanƙwasa, sai ga amo ya ratso ni har tsakar ka, dogo, lafiyayye. Na yi tsalle zuwa ta biyu.

Haka na bi su ina cizo ina ƙwanƙwasawa, mutanen garin sun taru suna kallona kamar mahaukaciya. Dasashina ya yi jini. Haƙorin nan na gaba da kuke gani babu, can na baro shi a bakin randa ta ɗari huɗu. Inuwa na ta jan ciki, saura kamar taku ɗaya ta taɓa ƙafar Magajiya, sai na ciji wata ƙaramar randa a lungu, ta amsa mini a shaƙe. Na shafa ƙasanta, na samu tsagar, siririya kamar gashi. Na ɓamɓaro yumɓun ƙafata, na jiƙa shi da yawu, na liƙe.

Magajiya ta ce, "Kin ci. Yanzu ki buɗe haƙoranki ki ji da kyau. Da kin bar bawana ya yi aikinsa, kwafa kawai zai yi ya bar miki naki. Amma ya daɗe a ciki, sautukan sun manne a jikinsa. In na fitar da shi zai fito da su duka, rijiyar, da jakin, da mai gishirin, da waƙar uwarki. Za ki san kin taɓa jinsu, amma amonsu da kalmominsu ba za su ƙara dawo miki ba. In kuwa kin so, ki bar shi inda yake, ki ci gaba da jinsu har ranar mutuwarki, sai dai ba za ki ƙara jin muryar mai rai ba. Zaɓi."

Ba zan ce muku na yi jarumta ba. Na yi ta magiya kamar mai neman ragi a kasuwa. Na ce a bar mini waƙar, a ɗauki sauran. Ta ce ba a rabawa. Na ce to a bar mini layi ɗaya, ko ɗan tarin nan kawai. Ta girgiza kai. Shekara arba'in da wani abu ina begen muryar nan, na same ta kwana biyar, yanzu a ce in miƙa ta da hannuna. Na ji haushin Yaya ma, Allah ya yafe mini, na ce me za ta faɗa da ba za ta iya faɗa wa matar ɗanta ba?

Na roƙi a bari in ji sau ɗaya, aka bari. Inna ta yi waƙarta daga farko har ƙarshe, dutse na amsawa, ni kuwa ina zaune a ƙasan taskar aljanu ina kuka kamar 'yar shekara tara. Da ta kai ƙarshe na share ido, na karkata kai, na ce, "A fitar da shi."

Magajiya ta ɗebo ruwa mai sanyi a tafin hannu. Kafin ta zuba sai da ta ce, "Mai wuri, ki kauce," sau uku, tana kallona don in ji kunya, na kuwa ji. Ruwan ya shiga, wani abu ya yi ɓus, sai ga ɗan ƙwaro kore bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya fito yana ɗingishi ya hau yatsarta. Ko sallama bai yi mini ba.

Ina ƙifta ido na gan ni a ramin yumɓu, rana ta yi la'asar. Akuya na kuka, yara na ihu a bakin rafi, iska na kaɗa karan dawa. Ban tsaya jin daɗinsu ba, na tattare zane na zuba da gudu, gwiwata na ƙara, yanzu kam ina jinta.

Na samu Yaya da sauran numfashi. Na kori kowa daga ɗakin, na durƙusa, na kara kunnena a bakinta.

Ta ce, "Kyauta, kina jina yanzu?"

"Ina jinki, Yaya."

"Waƙar niƙan Inna. Wata biyu ina lalubenta, ta ɓace mini. Kunyar faɗa wa yaran nan nake ji, tsohuwa da ni ina neman uwata. Ke mai kunne ce, na san kin riƙe. Yi mini ita kafin in tafi."

Na laluba kaina, wayam, kamar tukunyar da aka wanke aka kife. Ko kalma ɗaya babu. Na buɗe baki in gaya mata inda na baro ta, na ga yadda take kallona, sai na fasa.

Na leƙa na ce a kawo mini dutsen niƙa da gero. Aka kinkimo shi har gaban gadonta, na sake rufe ƙofa. Na zuba gero, na kama ɗan dutse, na fara niƙa, na saki baki da duk abin da ya zo. Na sa sunanta, na sa nawa, na sa na Baba, na sa na ƙannenmu da suka riga mu. Waƙar ba kai ba gindi. Yaya ta lumshe ido tana saurare. Can ta miƙo hannu ta kama bakin zanena ta ja, na dakata, na sunkuya.

Ta ce, "Ba ita ba ce."

Na saki ɗan dutsen niƙan.

"Amma muryarki ta koma irin tata sak. Ci gaba."

Na ci gaba. Ina niƙa ina yi har aka kira magariba, ban san lokacin da ta saki zanena ba.